Batirin kwamfutata ya kumbura, zan iya canza shi da kaina?

Wani ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maradi ya aiko mini da tambaya. Yana da kwamfuta ta tafi-da-gidanka ƙirar HP, ta hannu ce ya saya shekara 2 da suka wuce. Yanzu da an ɗauke wuta ba ta kai minti 15 take mutuwa, kuma kwanan nan ya lura wurin goga yatsa ya ɗan taso, ba ya dannuwa kamar da. Yana tsakiyar rubuta kundin kammala karatu, aljihu kuma ba nauyi. Yana so ya san ko zai iya sayen batiri ya ɗaura da kansa, ko dole sai ya kai wa mai gyara.

Ƙanena, za ka iya. Na daɗe a wannan sana'a ta gyaran kwamfuta, kuma kwance batiri a ɗaura wani yana cikin ayyuka mafi sauƙi da ke zuwa kan teburina. Amma kafin mu kai ga ɗaukar turnabis, akwai magana ɗaya cikin saƙonka da ta tsaya mini a rai, wato wurin goga yatsa da ya taso. A irin kwamfutarka, batirin a ƙarƙashin wannan wurin yake kwance. In wurin ya taso, batirin ne ya kumbura yake tura shi sama. Daga yau kada ka ƙara sa mata caji. Kada ka bar ta a kan katifa, kada ka danna wurin da ƙarfi don ka mayar da shi. Minti 15 ɗin da suka rage sun ishe ka ka kwashe kundinka zuwa kile, wato filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel. Kana gamawa ka kashe ta, ka ajiye ta a kan siminti, nesa da labule da tufafi.

Ga abin da ya sa na ɗaga murya. Batirin litiyom na kwamfutocin zamani 'yan jakunkuna ne sirara, cikin kowace akwai fallayen ƙarfe a naɗe, tsakaninsu wata leda mai laushi ƙwarai da ke hana su haɗuwa, sai wani ruwa mai kama wuta. Idan batiri ya tsufa ko ya sha zafi, ruwan nan yakan lalace ya zama iska, iskar ba ta da mafita, sai jakar ta kumbura. Kumburin kansa ba gobara ba ne. Haɗarin yana ga abin da zai huda jakar ko ya lanƙwasa ta har fallayen su taɓa juna. In sun taɓa, zafi yakan tashi cikin ƙiftawar ido, kuma wutar litiyom ba ta mutuwa don an rufe ta da bargo. Manyan kamfanoni ma sun sha wannan: a 2006 Dell ya janye batura sama da miliyan 4 daga hannun mutane saboda tsoron gobara.

Na ga abin da idona. Wani yaron shagona, mai hankali da natsuwa, ya samu batiri da aka manne da gam, ya sa bakin wuƙa zai ɓanɓare shi. Ina daga can gefe sai na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, irin na ruwan goge jan farce, sai kuma wani ɗan huci, fiii. Da shebur muka kwashe shi zuwa tulin yashin bakin ƙofa. Bai yi minti ɗaya a can ba ya fara hayaƙi, fari, mai shaƙe maƙogwaro. Tun daga ranar bokitin yashi bai bar gindin teburina ba, kuma ƙarfe ba ya shiga ƙarƙashin batiri a shagona.

Kada ka ga laifin kanka a kan wannan kumburi. Batirin litiyom yakan yi cika da ƙarewa kamar sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai, kwamfutarka kuwa ta riga ta yi rayuwa a hannun wani kafin ta iso Maradi. Ga kuma zafinmu. A watan Afirilu da Mayu ma'aunin zafi yakan wuce 40, ɗakin kwano ya ƙara nasa, kwamfutar ta ƙara nata, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar da ke fitar da zafin. Abin da batiri ya fi ƙi a duniya shi ne ya zauna a cike maƙil cikin zafi, mu kuwa haka muke barin sa dare da rana saboda ba mu san lokacin da kuran zai tafi ba.

Kai dai naka ya nuna kansa. Amma na san wasu za su karanta wannan amsa, nasu bai kumbura ba, saurin ƙarewa kawai yake yi ko ya ƙi ɗaukar caji. Su nake roƙo kada su saki kuɗi sai sun tabbata batirin ne. Windows tana da rahoto a kan haka. A buɗe baƙin allon umarni da ake kira cmd, a rubuta powercfg /batteryreport, za ta faɗi inda ta ajiye rahoton. A cikinsa layi biyu ne abin dubawa. DESIGN CAPACITY shi ne ƙarfin da batirin ya fito da shi daga masana'anta, FULL CHARGE CAPACITY kuma abin da yake iya ɗauka a yau. In na farko ya nuna 41,000 na biyu ya nuna 12,000, magana ta ƙare. In kuwa lambobin suna kusa da juna, a nemi ciwon a wani wuri.

Wani wurin nan sau da yawa caja ce. Cajar Dell da ta HP suna da wata siririyar allura a tsakiyar bakinsu, ta nan kwamfuta ke gane irin cajar da aka sa mata. In allurar ta karye, ko cajar ta bogi ce, kwamfutar za ta iya kamawa ta yi aiki amma ta ƙi cika batiri. Wani Alhaji ya taɓa zuwa wurina da sabon batiri da aka yo masa saƙonsa daga Kano, ya ɗaura, bai canza komai ba. Na aro cajar maƙwabcina na sa, nan take fitilar caji ta kama. Kuɗin batirin nan da sun saya masa caja ta ƙwarai har da canji. Sai kuma masu cewa duk safiya agogon kwamfuta ya koma baya, kwanan wata ya rikice. Wannan ba babban batiri ba ne, ɗan ƙaramin nan ne mai kamar kwabo, galibi CR2032 mai bolt 3, da ke riƙe lokaci.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, wato saye. Yawancin waɗanda suka zo mini da kuka bayan sun canza batiri da kansu, hannunsu bai yi kuskure ba, kayan da suka saya ne. Kada ka je kasuwa ka ce a ba ka batirin HP. HP iri-iri ne ba iyaka, kuma kwamfutoci biyu masu kama ɗaya a ido sukan sha bamban a ciki. Abin da za ka riƙe shi ne lambar da ke jikin batirin kansa. Misali, EliteBook 840 G3 tana amfani da CS03XL, ita kuwa 840 G1 da G2 CM03XL ne nasu. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wannan ba ya zama a mazaunin wancan. HP 250 G7 da wasu Pavilion da yawa HT03XL suke ɗauka. Don haka shawarata ka fara buɗe kwamfutar, ka ɗauki hoton takardar da ke jikin batirin, da hoton bakin wayarsa, sannan ka nufi mai sayarwa. In saƙo za ka bayar a yo maka daga Katsina ko Kano ko Yamai, hoton za ka tura, kada ka faɗa da baki ta waya.

A takardar nan akwai lambobi biyu da ya kamata ka gane. Na farko bolt ne. Kowane ɗan batiri a ciki yana ba da kamar bolt 3.6 zuwa 3.8, sai a jera uku ko huɗu. Shi ya sa za ka ga 10.8 ko 11.1 a tsofaffin batura, waɗannan biyun abu ɗaya ne, jerin uku. Amma 14.4 ko 14.8 jerin huɗu ne, kada ka yarda a ce maka duk ɗaya ne. Na biyu Wh ne, shi ne ainihin yawan abin da batirin ke ɗauka. Masu sayarwa sun fi son nuna wani ma'aunin, mAh, don lambarsa ta fi girma a ido, amma mAh ba ya faɗin komai sai an haɗa shi da bolt. Batiri mai bolt 11.1 da mAh 4400 yana ɗaukar kusan Wh 49. In Wh na sabon ya yi daidai da na tsohon, ko ya kusa, madalla. In an rubuta ninkinsa a batiri mai girma ɗaya da tsohon, ƙarya ce aka buga a takarda.

Ka duba ranar da aka ƙera shi in an rubuta. Batiri yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, wanda ya shekara 3 a kantin da rana ke duka sunan sabo kawai gare shi. Ka ɗaga shi a hannu ka kwatanta nauyinsa da tsohon, na bogi yakan yi sakayau. Ni ba na cewa dole sai na kamfani, don samunsa a nan da wuya kuma da tsada, akwai kuma na wasu masana'antu masu yin aiki lafiya. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne sharaɗi. Ka yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa in bai yi ba cikin kwanaki kaza za ka mayar. Wanda ya san kayansa ba ya gudun wannan. Masu Lenovo kuma su yi hattara, wasu ThinkPad sukan ƙi yi wa batirin da ba su sani ba caji, su rubuta haka a allo tun wurin kunnawa.

Za ka ji ana cewa a kawo a sake masa ciki da araha. A tsofaffin batura masu cirewa ta baya, ciki 'yan gwangwanaye ne da ake kira 18650, faɗin milimita 18, tsawon milimita 65. Masu wannan aiki sukan fasa kwalin su musanya su. Ban hana kowa neman abincinsa ba, amma ni ba na yi, kuma ba zan tura ka ba. Galibi daga wasu matattun batura ake tsinto gwangwanayen, wannan ya fi wancan gajiya, sai a haɗa su da dalma mai zafi alhali walda ta musamman suke so. Sababbin da ke yawo a kasuwa kuwa za ka ga an rubuta mAh 9900, alhali na gaske mafi ƙarfi bai wuce wajen 3500 ba. Ban da haka, cikin kowane batiri akwai ɗan allon lantarki mai gadi da ke lissafin caji, wasu da zarar an yanke musu wuta sai su kulle kansu har abada. Naka ma jaka ce, ba gwangwani ba, wannan hanya ba ta shafe ka ba.

To, ga aikin kansa. Ka zaɓi safiya, wuri mai haske da iska, a kan teburin katako. Ban da tabarmar roba, ban da bargo, musamman da hunturu lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi. Wannan ɗan tartsatsin da ba ya yi maka komai yana iya kashe babban allon lantarkin da ke cikin kwamfuta, don haka ka taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka sa hannu ciki. Cire zobe da agogo. Ajiye bokitin yashi kusa. Wanda batirinsa bai kumbura ba, sai ya bari cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin 100 kafin ya fara, don batiri mai yunwa ba shi da ƙarfin tashin wuta kamar cikakke. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, rufe murfi bai isa ba. Zare caja. Wasu ThinkPad suna da wuri a BIOS, wato saitin da ake shiga tun wurin kunnawa, na kashe batirin ciki kafin a buɗe, mai irinsu ya yi amfani da shi.

Turnabis ƙarami mai bakin kuros ake so, wanda ya zauna daram a kan kusar. In yana zamewa ka tsaya, kada ka cinye kan kusa ka jawo wa kanka aikin yini. Wasu kwamfutocin bakin tauraro ne nasu, T5. Ka samu kwali ka zana bayan kwamfutar a kai, duk kusar da ka kwance ka soka ta a daidai wurinta a zanen. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Kusoshin ba tsawonsu ɗaya ba, kuma doguwa in ta shiga ramin gajera tana iya ɓullowa ta sama ko ta soki sabon batirin. A HP da yawa akwai kusoshi a ɓoye ƙarƙashin robar da kwamfutar ke tsayawa a kai. In ka kwance duk wanda ka gani murfi ya ƙi tashi, akwai saura, kada ka yi masa ƙarfi. Murfin kuma da roba ake buɗe shi. Babban katin da ake ɓallo layin waya daga jikinsa ya isa, ka zura shi a tsagar ka bi gefe a hankali, za ka ji haƙoran suna saki ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Da yake naka ya kumbura, murfin zai iya tasowa da kansa da ka saki kusoshi, kuma kada katin ya yi nisa ciki.

Da ka buɗe, kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto. Abu na farko da za a cire shi ne haɗin batiri da babban allon lantarkin. In waya ce mai kai, da farce za ka ja kan a miƙe, kada ka ja wayoyin. A wasu HP babu waya, batirin ne ke zama kai tsaye a kan haƙoran allo, da an kwance kusoshinsa an ɗaga, ya rabu. Kula da siririyar wayar lasifika, sau da yawa ta gefen batiri ake bi da ita cikin wasu 'yan maƙalai. Ɗaga batirin ta gefunansa da hannu biyu, kada ka lanƙwasa shi, kada ka matsa kumburin. Kai shi waje kan yashi a inuwa. In ka ji ƙamshin nan da na faɗa, ko huci, ko ya ɗau zafi, ka fitar da shi da shebur ka ja baya, ka hana yara matsowa, hayaƙinsa guba ne. In wuta ta kama wani abu a ɗaki, lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

Tun da ciki a buɗe yake, riƙe fankar da yatsa ka share ƙurar da ta daskare a bakinta da busasshen buroshin haƙori. Sannan ka kwantar da sabon, ka haɗa, ka ɗaure kusoshi daidai wa daida ba tare da murɗewa da ƙarfi ba. Ka ɗora murfi ba kusa, ka sa caja ka kunna, ka ga ta gane batirin tana cika shi, sannan ka rufe. Wurin goga yatsa yakan koma mazauninsa da kansa. A rana ta farko ka cika shi 100, ka bar shi a caji kamar awa 2, ka yi aiki da shi har kwamfutar ta mutu, ka sake cikawa ba yankewa. Wannan don ma'aunin cikinsa ya san farko da ƙarshe ne, sau ɗaya ya isa. Kada ka mayar da shi al'ada, batirin litiyom ba ya son a riƙa tatse shi.

In kuɗin batiri bai samu ba tukuna, duk da haka ka cire kumburarren. Yawancin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai, sai dai da wuta ta ɗauke za ta mutu nan take, wasu kuma sukan ɗan rage gudu. Ka riƙa adana rubutunka kowane ɗan lokaci, ka riƙe kwafi a waje. Na fi son ka rubuta kundinka a haka da ka rubuta shi a kan batiri mai ciki.

Akwai inda zan ce kada mutum ya yi da kansa. In ka buɗe ka tarar batirin manne yake da gam, babu kusa, kamar na MacBook da yawa da kwamfutocin nan sirara ƙwarai, mayar da murfi ka kai wa wanda ya saba. Haka in kumburin ya kai har ya tsaga jikin kwamfutar, ko kuma sabuwa ce da garantinta bai ƙare ba.

Sabon kuma ka tausaya masa. Ka ɗora kwamfutar a kan abu mai tauri don ta sha iska ta ƙasa, kada ka bar ta cikin mota ko cikin jaka a rana. Dell da Lenovo da Asus suna da saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 60, wasu HP ma suna da makamancinsa a BIOS. Na san a garin da ake ɗauke wuta mutum yana son batirinsa a cike, don haka ba zan ce ka bar saitin a kunne kullum ba, amma a watannin zafi, ranakun da kake zaune kusa da soket, yana ƙara wa batiri kwana. In za ka tafi hutu ƙauye ka bar ta, ka bar cajin a wajen rabi.

Tsohon kada ya shiga bola. A unguwanninmu ƙona shara ake yi, yara kuma suna tonon juji suna fasa duk abin da suka ga waya a jikinsa. Liƙe bakin wayarsa da salatif, sa shi cikin gwangwani mai yashi, ka kai wa mai gyaran kwamfuta ko na salula, ka faɗa masa a fili cewa kumburarre ne don kada ya jefa shi cikin tarin sauran.